Awon Ledar Malam Dalhatu

Litinin, 4 ga Agusta, biyar saura kwata na yamma

Arba'in da ɗaya. Sau talatin na maimaita awon, a wuri talatin daban-daban a jikin ledar, bai taɓa saukowa ƙasa da talatin da takwas ba. Shekara uku ina auna ledar layi na biyu a masana'antar nan ta Challawa, ban taɓa ganin ta haura sha biyu ba. Na cire allurar na sa wata, na sake sa ta uku. Duk bakinsu ɗaya.

Na rubuta rahoto na kai wa manaja, Injiniya Muhyiddeen, kafin a kashe janareta. Ko zama bai ce in yi ba. Ya karanta, ya zare tabarau, ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce masa na'ura ba ta san kowa ba, abin da ta ji shi take faɗa. Har da ɗan ɗaga hanci na faɗe shi, na san halina.

Talata, 5 ga Agusta, bayan magariba

Ƙanwata Firdausi ta kira, ta sake tambayar da take yi min duk wata, wai me nake yi ne a ɗakin nan mai sanyi ni kaɗai kamar mayya. Na sake yi mata bayani. Ledar da ake naɗe ƙwayar magani muke yi. In fuskarta ta cika danƙo sai naɗin ya manne, ta je ta maƙale a injin masu saye, kuma ido ba ya ganin danƙon sai ya gama ɓarna. Na'urarmu, AFM, tana da wani ɗan siririn harshe da bai kai kaurin gashi ba, da tsini a bakinsa, shi muke kira allura. Ana sauke tsinin a hankali har ya taɓa leda, sannan a janye. Ledar takan riƙe shi, harshen ya lanƙwasa, hasken leza da ke bayansa ya nuna iya lanƙwasar, can sai ya kufce. Ƙarfin da aka sa kafin ya kufce ɗin, shi nake rubutawa. Nanoniyutan ne ma'aunin, mu nano kawai muke cewa.

Ta ce wato dai tsikarar leda aka ɗauke ni yi, da duk digirin nan. Na ce haka ne.

Ta tambayi 'yan mata, na ce Aina'u da Hadiza lafiyarsu ƙalau. Ta tambaye ni ni kuma fa, na ce abinci na kan wuta. Kwana goma ke nan da fitata takaba, har yanzu gidan ƙamshin turaren da ta banka ranar yake. Wata huɗu da kwana goma ban sa ko ɗigo ba, ta ce sai ta rama min a yini ɗaya. Mijina marigayi Inuwa ba ya son hayaƙi, yana sa shi tari. Ban hana ta ba.

Laraba, 6 ga Agusta, ƙarfe ɗaya na rana

An tsare naɗi sittin na layi na biyu a sito, masu magani na Bompai suna ta bugo waya.

Malam Dalhatu ya zo ɗakin gwaji. Shi ne shugaban layi na biyu, mutumin Ringim, shekara sha tara a nan, shi yake haɗa sinadarin santsi da hannunsa a zuba a injin. Bai shigo ba, ya san dokar takalmi. Ya tsaya a bakin ƙofa da guntun leda a hannu yana murza ta da babban yatsa. Ya ce, "Malama Atika, ledar nan lafiyarta ƙalau. Ko a barci aka tashe ni na san leda mai danƙo."

Na juyo masa da allon kwamfuta, na nuna masa inda layin ya nutse ƙasa kafin ya dawo, na ce wannan zurfin shi ne riƙon. Na ce yatsa yana jin abin da ya kai girman yatsa ne, tsinin nan kuwa yana jin abin da ya fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta sau dubu. Ya daɗe yana kallon allon kamar mai kallon takardar asibiti. Ya ce Allah Ya kyauta, ya tafi. Na ji haushin murza ledar da yake yi, kamar ni ce ban san aikina ba.

Juma'a, 8 ga Agusta, uku da rabi

Ba ni da lokacin awo kamar lokacin masallaci ran Juma'a. Ana kashe injina, tireloli su daina wucewa, ƙasa ta daina rawa. Sauran ranaku in babbar mota ta faɗa ramin nan na bakin get, layin da ke allona har tsalle yake yi. Yau shiru, awo ya fito tsaf. Arba'in da uku.

Ana saukowa daga masallaci aka miƙa wa Malam Dalhatu takardar dakatarwa. Manaja ya ce lissafin a fili yake: in leda ta yi danƙo, ba a zuba sinadarin santsi yadda ya kamata ba, in ba a zuba ba kuwa to wani wuri ya tafi, kuma ana sayensa a Sharaɗa ba tambaya. Ni ban rubuta sata a rahotona ba. Lamba kawai na rubuta.

Asabar, 9 ga Agusta, da safe

Ruwa tun asuba. Lamba kawai na rubuta.

Litinin, 11 ga Agusta, ƙarfe huɗu

An ɗauko Gwadabe daga layi na ɗaya ya riƙe na biyu. A gaban manaja ya auna sinadarin ya zuba. Aka kawo min ledarsa da zafinta. Arba'in.

Na kai wa manaja, ya ce ragowar haɗin Dalhatu ne a cikin injin, sai ya yi kwana biyu zai wanke. Na ce nima haka na yi tunani. Gaskiya ban yi tunanin komai ba, ya ba ni amsa ne na cafe.

Da rana na fita sayen shinkafa da wake wurin mai abincin bakin get. Mutanen layi na biyu suna zaune a benci, yawancinsu 'yan Jigawa da 'yan Nijar, Malam Dalhatu ne ya kawo rabinsu. Da can suna ganina za su hau zolaya, ga Malama mai madubin aljanu. Yau na yi sallama, mutum ɗaya ne ya amsa, shi ma cikin kwanonsa. Na ci abincin a ɗakina, bai wuce ba.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan la'asar

A ɗan masallacin masana'anta Malam Dalhatu ne ke jan sallar azahar da la'asar tun kafin a ɗauke ni aiki. Maigadi ya ce min jiya ya zo karɓar butarsa da carbi, lokacin salla ya riske shi, aka tayar da iƙama, kowa ya sunkuyar da kai, sai wani ya shige gaba. Ya bi sahun baya ya yi sallarsa ya tafi. Ba wanda ya ce masa ɓarawo. Ba sai an ce ba.

An sa ranar Alhamis ta sama, 21 ga wata, kwamiti zai zauna. Za a kira ni in yi bayanin awo.

Cikin azumin bana shi ne ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin gwajin nan, hula a hannu, ya ce in kashe na'ura in zo mu je, an kira daga titin Panshekara, Inuwa ya yi hatsari. Shi ya tsayar da adaidaita sahu. Shi ya shiga inda aka ajiye gawar ya duba, ya fito ya ce min ba sai na gani ba. Ban san me ya sa nake rubuta wannan yau ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, ƙarfe biyu

Ledar Gwadabe, kwana huɗu a jere. Arba'in da biyu. Injin dai bai wanke ba, in ji mu.

Juma'a, 15 ga Agusta, uku saura kwata

Baturen da ya kafa na'urar nan ya koya min abu ɗaya har ya gundure ni: kafin ki auna abin da ba ki sani ba, auna abin da kika sani. Akwai tsohuwar leda a durowa da ake ajiyewa don haka. Da can kullum da ita nake farawa. Tun da aka rage min wutar janareta zuwa awa biyu na daina, na ce ai na san na'urata, minti ashirin ɗin nan gara in yi aikin gaske da su.

Yau da aka tafi masallaci na ɗauko ledar watan Yuni, wadda da hannuna na rubuta goma a jikin ambulan ɗinta. Na ɗora. Arba'in da ɗaya.

Na sauke, na ɗora gilashi wankakke, wanda ba abin da zai riƙe. Tsinin ya manne masa kamar ƙuda a kan alewa. Na zauna ina kallon allo har na ji an kunna injina. Ba ledar ba ce. Tun ranar farko ba ledar ba ce. Abin yana jikin allurar, kuma allura ukun da na canza ina taƙama, duk daga akwati ɗaya na ɗebo su.

Na rufe ɗakin na tafi gida ban yi wa kowa sallama ba.

Asabar, 16 ga Agusta, sha ɗaya na safe

Zan rubuta shi sau ɗaya, tunda littafin nan ba mai karanta shi.

A watan Yuni rufin ɗakin gwaji ya fara yoyo, kuma ana kashe na'urar sanyaya ɗaki ƙarfe biyar, kafin safiya bango har gumi yake. Akwatin allurai ɗaya ya rage mana, mai guda hamsin, daga waje ake kawo shi, sai a yi wata uku ana jira. Na rubuta a gyara rufin sau biyu, shiru. Sai na fara sa akwatin a jaka ina tahowa da shi gida, in tura shi can cikin sif tsakanin zannuwa inda yara ba sa kaiwa, da safe in koma da shi. Ina ganin dabara na yi. Ranar da aka ɗauke ni aiki na sa hannu a takarda cewa ko tsinke ba zai fita daga ɗakin gwaji ba, wanda ya fitar kuwa kora ce ba jan kunne.

Ranar fitar takaba Asabar ce, akwatin yana gida. Firdausi ta zo da turaren wuta gwangwani biyu. Na bar ta a ɗaki ina tsakar gida wurin baƙi. Da ta gama turara kayan da ta baza a kan kabbasa sai ta zuba garwashi a kasko, ta tura shi cikin sif ɗin ta rufe ƙofa, yadda mahaifiyarmu take yi, don kaya su kama sosai. Ta yi haka sau uku a ranar, ita ta faɗa min tana alfahari.

Ɗazu na ɗauko akwatin na kai hanci. Sandal da miski. Na buɗe, na shafa yatsa a cikin murfin, ya fito da maiƙo. Hayaƙin turare mai ne, ya shiga ya kwanta a kan kowane tsini, tsinin da aka yi shi don ya ji abin da bai kai komai ba. Kwana ashirin ina ɗauke da shi a jaka ban ji ƙamshin ba, saboda ni ma ƙamshin nake.

Na kira Firdausi da niyyar in zazzage mata, ta ɗauka tana dariya tana cewa Yaya ya gida. Na ce lafiya, gaisuwa ce kawai. Me ta yi? Kayan yayarta ta turara.

Lahadi, 17 ga Agusta, da yamma

Na wanke duk abin da ke cikin sif ɗin. Ƙamshin bai fita ba.

Litinin, 18 ga Agusta, ƙarfe uku

A ƙasan akwatin kayan gyaran da aka kawo tare da na'urar na samu allura ɗaya a liƙe cikin robarta, ba a taɓa buɗewa ba. Na ɗauko ta da hantsaki a hankali, don in ta faɗi shi ke nan. Na ɗora ta, na daidaita leza, na fara da ledar Yuni. Goma. Na aika sito aka yanko min daga naɗin Malam Dalhatu da aka tsare, na ce sake dubawa zan yi saboda kwamiti.

Tara da rabi. Goma. Tara. Goma da ɗigo biyu. Sau talatin. Ita ce leda mafi kyau da na auna a bana.

Ban sa a littafin aiki ba. A bayan wani ambulan na rubuta, na cusa a jaka.

Talata, 19 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Na je har ƙofar ofishin manaja. Yana waya. Na dawo.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan magariba

Na sake zuwa. Ba ya waya. Na ce masa rufin ɗakin gwaji na yoyo.

Hadiza ta dawo daga makaranta takalminta ya ɓalle, Aina'u na son a saya mata littafin turanci. Na zauna ina kallonsu suna cin tuwo suna faɗa a kan nama ɗaya. A gidan nan yanzu hannu ɗaya ne ke kawowa. Na faɗa wa kaina wannan sau ba adadi yau, kuma gaskiya ne. Malam Dalhatu 'ya'yansa bakwai. Wannan ma gaskiya ne, ban dai maimaita shi ba.

Alhamis, 21 ga Agusta, biyar na yamma

Kwamiti mutum huɗu, da Sani wakilin ƙungiyar ma'aikata a gefe. Malam Dalhatu ya zo cikin farar riga mai guga, ya rame. Ya gaishe ni, ya tambayi yara da sunansu.

Aka ce in yi bayani. Na tashi na yi bayanin allura da leza da riƙo, tiryan-tiryan kamar a aji. Aka tambaye ni lambar da na samu ranar huɗu ga wata, na ce arba'in da ɗaya. Ba wanda ya tambaye ni ta ranar sha takwas. Ambulan ɗin yana cikin jaka a kan cinyata, na riƙe jakar da hannu biyu.

Sito ya ƙirga buhunan sinadari, ba wanda ya ɓata, don haka maganar sata ba ta tsaya ba. Sai aka ajiye masa takarda: ya amsa cewa sakaci ya yi wurin haɗi, a sallame shi salin-alin, ba za a kai maganar gaba ba. Sani ya ce kada ya sa hannu. Ya dube ni ya ce, "Ni dai na san abin da na zuba. Amma Malama ba za ta yi min ƙarya ba, na'urarta ma haka. Wataƙila hannun ne ya tsufa ban sani ba." Ya karɓi biro.

Ina zaune. Na ji ƙarar biron a kan takarda. Ina zaune.

Juma'a, 22 ga Agusta

Ban je ba. Na ce zazzaɓi.

Lahadi, 24 ga Agusta, da hantsi

Na tsani kaina, ba wata kalma. In na yi alwala sai in tsaya a kan darduma in rasa da wace fuska. Na rubuta komai a takarda biyu, da akwatin, da sif, da turaren, da awon ranar sha takwas, na sa hannu da kwanan wata.

Litinin, 25 ga Agusta, ƙarfe sha biyu

Manaja ya karanta har ƙarshe, ya tashi ya rufe ƙofa. Na zaci zai yi faɗa. Dariya ya yi, gajeriya, ya ce turaren wuta, ya girgiza kai. Sannan ya ce an riga an rubuta wa masu magani na Bompai cewa an gano mai laifi an kore shi, an rubuta wa masu kamfani haka, kuma shi ba zai koma ya ce musu sif ɗin wata mata ne ya tsayar da layi mako uku ba. Sabon akwatin allurai yana hanya, in ya iso lamba za ta sauko, kowa zai ga ai da aka cire Dalhatu leda ta gyaru. Naɗi sittin ɗin a sake auna su a hankali a sake su.

Na ce, "Yallaɓai, mutumin bai yi komai ba."

Ya ce, "Ke kuma kin yi. In takardar nan ta shiga fayil, yau za ki ajiye makulli, kuma ba ni da wani mai iya na'urar nan a Kano. Ɗauki abarki, ban gani ba."

Ya turo min ita. Na ɗauka. Abin kunyar shi ne da na fito sai da na ji wani sauƙi-sauƙi, wai ai na faɗa, an ƙi ji. Sauƙin bai kai ni bakin get ba.

Laraba, 27 ga Agusta, ƙarfe huɗu

Sabon akwati ya iso. Ledar Gwadabe, sha ɗaya. An yi masa barka a masallaci.

Asabar, 30 ga Agusta, bayan la'asar

Na je Na'ibawa. Sai da na yi tambaya sau uku kafin na gane gidan, lungun duk taɓo. Matarsa ta shimfiɗa min tabarma a soro, ta kawo ruwa, ba ta zauna ba, ba ta kuma dube ni ba. Ya fito da ƙaramar rediyo a hannu. Ya ce ya je Sharaɗa wuri biyu, ya je Dakata, ko'ina labari ya riga shi.

Na faɗa masa. Ban rage komai ba, har da ranar kwamiti da ambulan a jaka. Ina magana ina kallon gefen tabarma. Da na gama, rediyon na ta surutu, sai ya kashe.

Abin da ya fara tambaya shi ne nawa ledarsa ta bayar. Na ce tara da rabi. Ya ce ta Gwadabe fa. Na ce sha ɗaya. Ya ɗan yi murmushi, ya juya tafin hannunsa yana kallo, sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce mako uku yana kwana yana tashi da tunanin a ina ya yi kuskure, har ya fara shakkar kansa a yawan raka'a.

Na miƙa masa takardar, na ce ya kai wa Sani, da sa hannuna a kai, dole su mayar da shi. Ya karanta a hankali yana bi da yatsa. Ya tambaye ni me zai same ni in ta fita. Na faɗa masa. Ya ninke ta huɗu ya ajiye a gabana.

Ya ce, "Marayu kike riƙo. Ni namiji ne, ko dako na yi za a ci. Na ji gaskiya, ta ishe ni. Ki koma bakin aikinki, kada in sake jin maganar nan."

Na ce ku yi haƙuri ku karɓa. Ya ce ya gama magana. Ya raka ni har titi ya tsayar min da adaidaita sahu. Da zagina ya yi da na fi samun barci.

Lahadi, 31 ga Agusta, da yamma

Gaskiyar ta ishe shi, in ji shi. Amma a soro ya ji ta, shi kaɗai. A Challawa har yanzu shi ne wanda ya lalata leda.

Litinin, 1 ga Satumba, uku da kwata

Ƙarfe biyu ake canjin ma'aikata, masu fita da masu shiga su haɗu a bakin get. Na yi hoton takardar kwafi uku a shagon tsallaken titi. Ɗaya na ba Sani a hannu, ɗaya na ajiye wa sakataren manaja, ɗaya na liƙa a allon sanarwa kusa da jadawalin aiki. Da yawansu ba sa karanta boko, sai Sani ya tsaya ya karanta musu da ƙarfi. Da ya zo kan turaren wasu suka yi dariya, da ya zo kan ranar kwamiti dariyar ta ɗauke. Ina tsaye a gefe, ban gudu ba. Wani dattijo ɗan Nijar ya dube ni ya ce Allah Ya isa, wani ya ce masa ai ta faɗa. Duk su biyun sun yi daidai.

Talata, 2 ga Satumba, sha ɗaya na safe

Sun karɓi makulli da katin shiga. Na roƙa aka bar ni na koma na rubuta a takarda na manna a jikin na'urar: a fara da ledar Yuni kullum. Ban san wa zai karanta ba.

Alhamis, 4 ga Satumba, da yamma

Sani ya kira. Ƙungiya ta ce ba mai kunna layi na biyu sai an yaga takardar da Malam Dalhatu ya sa wa hannu. An yaga. Zai koma ran Litinin. Na ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Bayan na ajiye wayar na shiga kicin na buɗe buhun shinkafa na duba inda ya tsaya.

Firdausi ta zo ta yi ta kuka wai ita ta jawo. Na ce in ba ta yi shiru ba zan kore ta.

Litinin, 8 ga Satumba, bakwai da rabi na safe

An yi sallama a ƙofar gida ina ɗaura wa Hadiza ɗankwali. Malam Dalhatu ne, cikin shuɗin kayan aiki, da kwanon abincinsa a leda. Daga Na'ibawa zuwa nan ba hanyarsa ba ce. Na ce ya shigo, ya ce a'a, zai makara. Fuskarsa ba walwala, ban taɓa ganin ransa a ɓace haka ba, ko ranar kwamiti.

Ya ce, "Na ce ki bari, Malama."

Na ce na ji, ban iya ba.

Ya dubi yaran a bayana da jakunkunan makaranta, ya kawar da kai. Ya ce, "Na farkon tun a soro na yafe. Wannan na biyun ne ban san yadda zan yi da shi ba. Kullum na kai loma baki sai na tuna daga inda aka ɗauko ta."

Ya juya ya tafi da sauri don ya samu mota. Na tsaya har ya sha kwana.

Aina'u ta tambaye ni me ya sa ban sa kayan fita ba, ga shi har bakwai ta wuce. Na ce mata hutu aka ba ni. Ta ce na kwana nawa. Na ce ta ɗauki jakarta, za su makara.